Duniyoyin da Na Ɗinka da Ƙyallaye

Na fi shekara ashirin ina ɗinki a Diffa kafin in ɗinka bargon jariri na farko. Shagona ɗaki ɗaya ne a jikin gidanmu, ƙofarsa tana kallon hanyar da ke gangarawa kasuwar tattasai. Keke biyu gare ni, na ƙafa da na kuran, wato na lantarki, amma na ƙafar ya fi shan wahala, don wutar garinmu ba ta da tabbas. Rigunan mata nake yi, da kayan yara idan salla ta matso. Ƙyallen da ya faɗo daga bakin almakashi kuwa ban taɓa iya zubar da shi ba. Cikin buhu nake tura shi, har buhu uku suka cika a bayan ƙofa. Maigidana yakan leƙo ya ce wata rana ɓerayen unguwa za su zo yi mini godiya.

Ƴata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, malamar kimiyya ce a kwaleji. Da ta samu cikin fari, muka ƙirga watanni muka ga haihuwar za ta faɗo tsakiyar ɗari. Wanda bai kwana a Diffa lokacin ɗari ba ba zai yarda ba, amma sanyin da ke tasowa daga kogin Komadugu da asuba har cikin ƙashi yake shiga. Na je kasuwa neman bargo. Duk waɗanda na gani masu nauyi ne, gashinsu yana zuba a hannu, ga hoton wata dabba mai kunnuwa zagaye da ba mu san ta ba a ƙasarmu. Na juya wannan, na juya wancan, na dawo gida hannu wofi. Ina shiga shago idona ya faɗa kan buhunan nan uku.

Abin da zan zana a kai bai ba ni wuya ba. Ni haifaffiyar wajen Fulatari ce, babana makiyayi ne. Idan muka fito tatsa da asuba, kafin gari ya waye, yakan nuna mini Gamzaki da sandarsa ya ce ga mai tada masu barci. Ya nuna mini Kaza da Ƴaƴanta, ya koya mini yadda fitowarsu da ɓatansu ke gaya wa mai dabbobi lokacin tashi da lokacin zama. Da magariba kuma Zara, wadda ake ce wa matar wata. Lekwal, wato makarantar boko, ban wuce aji biyar ba, amma sama dai na san ta gwargwado. Na ce to, abin da za a haifa zai kwana ƙarƙashin taurarin babana.

Na samo shuɗiyar shadda mai duhu yadi biyu, na zazzage buhu ɗaya a tabarma, na shiga tsince farare da rawaye. Ina cikin yanka sai ga mai cikin ta shigo tana haki, ta zauna a benci.

"Inna, me kike yankawa ƙanana-ƙanana haka?"

"Taurari," na ce. "Wannan babbar Zara ce."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Inna, ai Zara ba tauraruwa ba ce. Duniya ce sukutum, kusan girman tamu. Kuma ita ce dai Gamzakin. Abu ɗaya ne, wani lokaci ya fito da safe, wani lokaci da yamma."

Raina ya ɗan sosu. Na ce mata babana ya yi shekara saba'in yana kallon sama, ita kuwa a takarda ta gani. Ba ta yi gardama ba. Kashegari ta aro wata babbar takarda mai hoto daga makarantarsu, ta shimfiɗa mini a kan teburin yanka, ta danne gefunan da almakashi da dutsen guga.

Na daɗe ban ɗaga kaina ba. Ga rana a gefe ɗaya, ga duniyoyi takwas a jere, kowace da hanyarta da launinta. Tamu ta uku, shuɗiya da ɗigon kore da fari. Ta kusa da ita ja ce wur, irin jan tattasai idan an baza shi a fili yana shan rana. Akwai wata ƙatuwa mai ratsi-ratsi kamar tsohon zanen saƙi, sai kuma wadda ta fi ɗauke mini hankali, mai zobe kewaye da ita. Na tambaye ta ko da gaske haka suke ko mai zane ne ya yi musu kwalliya. Ta ce haka suke, an ɗauko hotonsu. Na ce Allah mai iko. Sannan abin da ya fara zuwa raina, ba zan ɓoye ba, shi ne ina da ƙyallen da zai yi kowace ɗaya.

Ban cire taurarin babana ba. Na bar su a sama, na jera duniyoyin ƴata a ƙasa. Jar na yanko ta daga ragowar zanen wata amarya. Mai ratsi ta fito daga atamfa mai ruwan ƙasa. Zoben kuwa sau huɗu ina yanka shi yana karkacewa, sai da na ɗora murfin kwano da bakin kofin shayi na zagaye su da alli kafin ya yi daidai. Na sa auduga a tsakiya, na shimfiɗa farin yadi mai laushi a baya, na bi duka da layin ɗinki kusa-kusa don kada audugar ta dunƙule. Maɓalli ko dutsen ado ban sa ko ɗaya ba, saboda duk abin da hannun jariri ya kama baki yake kai shi.

Sati uku na yi a kansa. Da na gama na ce bari in wanke kafin in kai. Ina tsoma shi a ruwa, shaddar nan ta saki shuni. Wata ya zama shuɗi, rana ta koma wani launi mai kama da miyar kuka. Na zauna a bakin bahon wanki. Shekara ashirin ina gaya wa mata su jiƙa sabon yadi kafin su kawo ɗinki, ni kuma ɗoki ya sa na manta. Maigidana ya zo ya tsaya a kaina, ya dubi bargon, ya dube ni, Allah ya taimake shi ya juya ya koma ciki.

Na sake daga farko. Wannan karon na jiƙa shaddar da gishiri, na wanke ta har sau biyar, sai da ruwan ya fita fes. Na gama saura kwana tara a haihu.

Mace aka haifa. Ranar suna aka naɗe ta a ciki aka fito da ita tsakar gida, kuma ban taɓa ganin an manta da jaririya an koma kallon abin rufarta ba sai ran nan. Mata suka yi cincirindo. Gwaggon mijin ƴata, tsohuwa mai ƙarfin murya, ta sa yatsa a kan mai zoben ta ce, "Wannan kuma tulu ne aka rufe da faifai?" Aka kwashe da dariya. Wata ta ce malfa ce. Mai jego tana zaune a kan katifa tana yi musu bayani kamar tana cikin aji, ni kuwa ina gefe ina zuba wa baƙi kunu, ina yi kamar ban ji ba. Amma duk wadda ta tambayi inda aka sayo, sai in ji an ce, "Ba saye ba ne, kakar ce ta ɗinka." Kowane lokaci sai in ji wuyana ya ƙara tsawo.

Kafin ɗari ya wuce mutum shida sun ce in yi musu. Matan ma'aikata ne suka fara, sannan matan unguwa. Wata matar likita daga kudu, cikin Kiristocin garinmu, ta sa na yi biyu, ɗaya na ɗanta, ɗaya ta aika wa ƙanwarta. Ƴata ta ba ni shawara in ƙara kumbon da ke kai mutane sama. Ta zana mini shi a takarda: dogo, mai tsini a ka, da harshen wuta a gindi. Na yi shi da fari da ja, ya yi kyau ƙwarai, masu saye suka so shi. Na rataya guda a bakin shago don masu wucewa su gani.

Wata ranar Talata da hantsi wata mata ta shigo da zane a hannu, tana son in kama mata bakinsa. Babarbariya ce, za ta girme ni ko in girme ta da kaɗan, Hausarta tana da nauyin harshensu. Na san ta da ido, tana cikin mutanen Bosso da suka gudo lokacin da aka kai wa garin hari, suna zaune a wani kango bayan unguwarmu. Muka gaisa. Ta juya za ta zauna, sai idonta ya sauka kan bargon da ke rataye. Ta tsaya cik. Zanen ya zame daga hannunta. A hankali ta sulale ta zauna a ƙasa, ba a benci ba.

"Lafiya, baiwar Allah?" na ce. "Ko in kawo ruwa?"

Ta nuna kumbon da haɓa. "Yaya, wannan abin a kan jariri za a ɗora shi?"

Na shiga yi mata bayani yadda aka yi mini, cewa jirgi ne na masu bincike, mutane ne ke shiga ya kai su har wata. Ta saurare ni har na gama.

"To," ta ce. "Ni dai wanda na gani mai wuta a gindi bai tafi wata ba. Gidan maƙwabcinmu ya sauka. Suna cin abinci."

Ba ta yi kuka ba. Shekara nawa muna zaune da mutanen nan, muna sayen kifi wurinsu, muna haɗuwa a famfo, amma na rataya wannan abu a ƙofata ban taɓa kallon sa da idonsu ba. Na sauko da bargon, na ɗauki reza, na zauna kusa da ita a ƙasa na fara farke zaren. Tana kallo. Da kumbon ya fita, wurin ya bar tabo, ramukan allura a jere a kan shuɗin.

"Ya lalace," na ce. "Ba komai, na gida zai zama."

"Ba ni," ta ce.

Ta nemi farin zare da ƙaramar allura. Ashe kafin gudun, bayan bandar kifi da take yi, ɗinkin hula ne sana'arta tun tana budurwa. Ta ɗora bargon a gwiwa ta fara. Ni da keke nake aiki, hannuna bai taɓa yin irin wannan ba. Allurar tana shiga tana fita kamar ba a taɓa ta. Kafin azahar ta rufe tabon da taurari ƙanana, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun fi haka, sun taru a tsakiya sun baje a gefe. Da ka ɗaga bargon a haske sai ka ga kamar suna motsi. Nawa taurarin na ƙyalle, da nake alfahari da su, sai suka koma kamar faci a kusa da nata.

Na ce mata gobe ta dawo. Ta ce ba ta da keke, ba ta da komai. Na ce hannun nan kawai nake so ta zo da shi.

Ƴata ba ta ji daɗin cire kumbon ba. Da ta zo da yamma na gaya mata, ta ce, "Inna, to sai mu bar yara su tashi ba su san jirgin sama jannati ba saboda mugaye sun yi amfani da mai kama da shi? Ai ilimi ne."

Na ce ilimi ne, amma bargo ba allo ba ne. Uwa ce za ta rufa wa ɗanta shi da hannunta, kuma a garin nan ban san wace uwa ce ta ga me ba. A aji ta koya musu duk abin da take so. Muka yi kwana biyu kowa yana kan bakansa. A rana ta uku ta zo da wani hoto a talho, wato wayar hannu, wani akwati mai fukafukai biyu shuɗaye yana shawagi a sama. Ta ce tauraron ɗan adam ne, shi ke kawo hoton hadari kafin ruwa ya sauka. Na nuna wa Babarbariyar nan, wadda ta zama abokiyar aikina. Ta ƙura masa ido, ta ce, "Wannan ai fanno ne mai tara wutar rana, irin na kan famfon unguwa." Muka yi dariya mu uku. Shi muke sawa har yau, kuma ban taɓa jin wanda ya tsorata da shi ba.

Aikinmu ya rabu da kansa. Ni ke yanka duniyoyi in ɗora su da keke, ita ke bin sararin da taurari. Ba ta da yawan magana. Wani lokaci mu yi rabin yini ba abin da ake ji sai ƙarar keke da kukan tantabarun maƙwabta. Wani lokaci kuma, ba tare da na tambaya ba, sai ta fara ba ni labarin babban tafkin da ke kusa da garinsu, yadda mijinta, Allah ya ji ƙansa, yake gane hanya a cikin ruwa da taurari idan ciyawa ta rufe ko'ina. Ta gaya mini sunayensu da Barbarci, na gaya mata namu, muka ga ashe guda muke nufi.

Wata ungozoma a gidan haihuwa ta ji labarinmu, ta zo ta ce tana son ƙanana sosai, na bakwaini, waɗanda uwa ke ɗaurawa a ƙirji. Muka yi mata goma da ragowar ƙyallaye, kowane bai fi tsawon kamu ɗaya ba, wata ɗaya da taurari kaɗan, don ba wurin duniyoyi. Ta ce idan uwa za ta tafi gida sai ta roƙa a bar mata shi. Muka ce a bar mata, za mu ƙaro. Kowace shekara idan sanyi ya kusa muna kai wasu.

Jikata tana da shekara biyar aka sa ta ajin yara ƙanana. Wata rana sai ga shugabar makarantar da kanta a ƙofar shagona, da jaka a kafaɗa. Na zaci yarinyar ta yi wata ɓarna.

"Hajiya, ke ce mai bargon?" ta ce.

Ashe malamarsu ta tambayi yara me suke gani a sama, kowa ya ce rana, wata, tsuntsu, ita kuwa jikata ta miƙe ta lissafa duniyoyi takwas a jere, har da wadda ke da zobe da wadda ke da ratsi. Da aka tambaye ta inda ta koya, ta ce a kan gadonta suke. Shugabar, wadda ake kira Madam, ta ce tana son babba wanda yara za su zauna a kai, kuma tana son mu zo mu nuna musu da kanmu.

Na ce, "Madam, ni aji biyar na tsaya. Ga ƴata nan malama ce, ita za ta zo."

"Malamai muna da su," ta ce. "Masu ɗinkin nake so yaran su gani."

Wata biyu muka yi a kan wannan. Ya fi tabarma biyu faɗi, sai da muka fitar da shi tsakar gida don shago bai ɗauke shi ba. Rana kaɗai ta cinye ragowar rawayen shadda na riga guda. Abokiyar aikina ta ce ita ba za ta shiga makaranta ba, ba ta taɓa taka ƙofar lekwal ba a rayuwarta. Na ce ni ma ba zan je ni kaɗai ba. Da safen ranar sai ga ta cikin wankakken zanenta, ta shafa turare.

Aka shimfiɗa bargon a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, yara suka cire takalma suka kewaye shi. Na fara da abin da na sani tun ina ƙarama, na nuna musu Kaza da Ƴaƴanta, na ce su ƙirga ƴaƴan. Na nuna musu Zara, na gaya musu ita ce kuma Gamzaki, na ce ni ma sai da na yi furfura na sani, suka yi dariya. Yaran da Hausa ba ta zauna musu ba, abokiyata tana maimaita musu da Barbarci, kuma na lura tana ƙara nata a ciki, don nata bayanin ya fi nawa tsawo. Na sa yaro ɗaya ya tsaya a kan rana, takwas suka tsaya kowa a duniyarsa, na ce su zagaya shi. Suka zagaya har suka yi karo suka zube, aka sake.

Can wata yarinya ƴar siririya, mai kitso biyu, ta ɗaga hannu.

"Kaka, ina Diffa?"

Na durƙusa na nuna mata tamu, shuɗiyar nan da ba ta fi tafin hannuna ba. Na ce a nan ciki take, a kan koren nan, amma ta yi ƙanƙanta, ko kan allura ya fi ta. Yarinyar ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa yadin.

"To ina kogi? Babana yana can yana ban ruwa."

Sai abokiyata ta sa hannu a ɗankwalinta ta zaro allura, da ɗan guntun zare shuɗi mai haske a jiki. Ta zauna a tsakiyar yaran, ta jawo duniyar kan gwiwarta. Ta yi ɗinki biyar ko shida, siriri, mai ɗan lanƙwasa, ta ƙulle, ta ciza zaren.

"Ga Komadugu," ta ce.

Yara suka yi caa a kai, kowa yana son ya taɓa. Sai da malamai suka sa su layi. Yarinyar da ta yi tambayar ita ce ta farko, ta ɗora yatsa a kai ta ƙi ɗagawa har sai da na bayanta ya ture ta.

Da muka fito, Madam ta rako mu har bakin ƙofa, ta ce za a riƙa shimfiɗa shi duk ranar Laraba. Muka kama hanyar gida a ƙasa, rana ta fara zafi. Daidai wurin masu sayar da kifi abokiyata ta tsaya, ta gyara mayafinta.

"Yaya," ta ce, "kin ji abin da yaran can suka kira ni?"

"Me suka ce?"

"Malama."

Na ce na ji. Ta zaɓi bandar tarwaɗa guda biyu, ta shinshina, ta mayar da ɗaya ta ce wannan ba a gasa shi da kyau ba, ta ɗauki wani. A gidana muka dafa, muka ci tare da maigidana, yana ta tambayar yadda aka yi, muna katse juna wajen ba shi labari.